BINDIGAR DA BA TA ƊAUKAR HARSASHI: TARIHIN WANI AKWATIN WASA A KADUNA

Gabatarwa

Wata ranar Asabar cikin hunturun shekarar 2023 mun shiga tsohuwar kasuwar Panteka da ke Tudun Wadar Kaduna, muna neman ƙarfen da za a yi mana gyaran ƙofar gida. Muna cikin ratsa rumfunan 'yan gwangwan sai idonmu ya faɗa kan wani dogon akwatin katako da aka jingine da bango. Tsawonsa ya ɗara na mutum, ƙura ta lulluɓe shi, gara ta fara cin gindinsa. A gabansa ga wata bindigar roba tana reto a jikin wayar da aka naɗe da ƙarfe, gurbin 'yar'uwarta kuwa wayam. Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a garin nan cikin shekarun 1990 ba sai an gaya masa ko mene ne wannan ba. Akwatin wasan harbi ne, irin wanda muke tara kuɗin tara mu je mu yi layi a gabansa.

Mai rumfar ya shaida mana cewa ran Litinin za a farfasa shi, a cire jan ƙarfen da ke ciki a ɗora a sikeli, katakon kuma a ba mai shayi ya hura wuta. Muka yi ciniki, muka biya abin da bai taka kara ya karya ba, aka ɗora mana shi a a-kori-kura zuwa gida. Maƙwabta suka fito kallo, wani dattijo ma har ya tambaye mu ko firji ne. Wata uku aka shafe ana gyara, kuma a cikin wata ukun nan ne muka gane cewa kundin tarihi muka sayo, wanda aka rubuta da waya da dalma. Wannan maƙala ƙoƙari ce ta karanta wa 'yan'uwa marubuta abin da ke cikin wannan kundi.

Asalin Bindigar Haske

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa wasan harbi da bindigar haske ɗan zamanin kwamfuta ne, alhali ya girme ta nesa ba kusa ba. A shekarar 1936 wani kamfani na birnin Shikago a Amurka mai suna Seeburg, wanda aka fi saninsa da ƙera akwatunan kiɗa, ya fitar da wani wasa da ya kira Ray-O-Lite. Agwagwar ƙarfe ce ke gilmawa, an saka mata wata 'yar kwalba mai jin haske. Idan mutum ya ja kunama sai haske ya fita daga bakin bindigar, in ya dace da kwalbar sai agwagwar ta faɗi. Wato a wancan lokaci bindigar ce ke fitar da haske, abin harin kuma shi ke karɓa.

Daga nan sai Japanawa suka karɓi ragamar. Kamfanin Nintendo, wanda aka kafa a birnin Kyoto tun 1889 don buga katin karta, ya fitar da bindigar wasan yara mai haske a 1970 ta hannun injiniyansa Gunpei Yokoi. A 1973 kamfanin ya faɗaɗa abin, ya mayar da wasu manyan zaurukan wasa da kasuwarsu ta mutu zuwa wuraren koyon harbi da haske. Sai dai a ƙarshen wannan shekara ne ƙasashen Larabawa suka ɗaga takobin man fetur, tattalin arzikin Japan ya girgiza, masu oda suka janye, Nintendo ya afka cikin bashi mai nauyi.

A can Amurka kuwa, injiniya Ralph Baer ya riga ya juya al'amarin. Na'urar wasa ta gida da ya ƙirƙira, wadda aka fara sayarwa a 1972 da sunan Magnavox Odyssey, tana da bindigar da ba ta fitar da komai. Fuskar talabijin ce ke ba da haske, bindigar tana kallo. A kan wannan dabara aka gina duk abin da ya biyo baya: Duck Hunt na Nintendo a 1984, Operation Wolf na Taito a 1987, Lethal Enforcers na Konami a 1992, Virtua Cop na Sega a 1994, da Time Crisis na Namco a 1995. Da muka goge ƙurar da ke goshin namu akwatin, sai ga sunan Lethal Enforcers ya bayyana.

Yadda Ta Iso Kaduna

Tunda wannan bindiga ba ta aiki sai da talabijin, tilas tarihinta a garinmu ya bi sawun tarihin talabijin. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya fara watsa shirye-shirye a 1962, a zamanin gwamnatin Sardauna, amma shekaru da dama akwatin kallon bai wuce gidajen Turawa da manyan ma'aikata ba. Abin mamaki shi ne, tashin farashin man da ya kusan durƙusar da Nintendo shi ne ya cika baitulmalin Nijeriya. Kwamitin Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, ma'aikata suka kwashi ƙarin albashi da ariyas, aka yi ta rububin sayen babura da rediyo da talabijin a manyan kantunan titin Ahmadu Bello. Zuwa lokacin da aka haɗe gidajen talabijin na ƙasa ƙarƙashin NTA a 1977, eriya ta fara tsirowa a kan rufin kwano a Unguwar Rimi da Unguwar Sarki da Malali da Kawo. Da talabijin kuma aka samu sabuwar sana'a, wato ta masu gyaransa, waɗanda akasarinsu daga gyaran rediyo suka tsallako.

Sai kuma zamani ya juya. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin tsuke bakin aljihu da aka fi sani da SAP, darajar naira ta faɗi, sabon kaya ya fi ƙarfin talaka. Nan ne kasuwar gwanjo ta buɗe. Tsofaffin firji da talabijin da bidiyo, waɗanda muke kira kayan Beljiyom, suka riƙa sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas da ta Kwatano, su bi ta kasuwar Alaba, su hau manyan motoci zuwa Arewa. A cikin irin waɗannan kwantenoni ne jefi-jefi akan sami akwatin wasa da wani zauren wasanni na Turai ko Amurka ya gaji da shi.

Amma fa mu faɗi gaskiya, yawancinmu ba a jikin babban akwati muka fara riƙe bindigar haske ba. A shekarun 1990 kasuwanninmu sun cika da wasu ƙananan na'urori 'yan Taiwan da Sin, waɗanda kwaikwayon na'urar Famicom ta Nintendo ce ta 1983. Akan haɗo su da bindigar roba da kaset mai ɗauke da alkawarin dubban wasanni, alhali in ka ƙirga da kyar su wuce goma, sauran duk maimaici ne. A ciki akwai wasan agwagwa, da karen nan da ke leƙowa daga cikin ciyawa yana yi wa mutum dariya in ya kuskure. Wane ne a cikinmu bai taɓa auna karen nan da bindiga don haushi ba?

Daga nan aka samu abin da muke kira gidan gem: ƙaramin shago, benci biyu, talabijin uku ko huɗu, da janareta a bakin ƙofa. Shagon da ya mallaki babban akwati mai bindiga biyu kuwa, labarinsa yakan kai unguwa ta uku, yara su tako da ƙafa don kawai su gani. Mu ma mun taka, mun kuma sha bulala a gida saboda makara zuwa makarantar allo.

Abin Da Akwatin Ya Faɗa

Masana tarihi kan ce kowane abu da hannun ɗan'adam ya taɓa yana da bakin magana in an iya tambayarsa. Da muka ɓalle ƙofar bayan akwatin mun tarar da shaidu huɗu.

Ta farko wata takarda ce da aka manna kusa da inda wuta ke shiga, tana nuna cewa ƙarfin wutar da yake sha bolt 120 ne. Wannan ma'aunin Amurka ne, namu ya ninka shi kusan sau biyu. Ke nan don kasuwar Amurka aka ƙera shi, kuma ga wata tsohuwar taransifoma mai rage ƙarfin wuta an ɗaure ta da waya a gindinsa, aikin wani mai gyara na nan gida. Ta biyu wata 'yar mita ce a bayan ƙofar kuɗi, mai ƙirga duk sulen da aka jefa tun ranar da aka fara kunna shi, lambobinta sun cika gida biyar. Ta uku mun same ta a cikin akwatin tara kuɗi, tsakanin kashin ɓera da ƙura: ƙwandalar naira ɗaya ta 1991, mai hoton Herbert Macaulay. Ta huɗu kuwa wani maɓalli ne irin na ƙararrawar ƙofa, an huda katako an dasa shi a gefe, an ja wayarsa zuwa ramin jefa kuɗi.

Wannan maɓalli shi ya fi komai ba mu labari. Waɗanda suka ƙera akwatin sun gina shi ne a kan zaton cewa tsabar kuɗi tana da daraja. A Nijeriya kuwa, 'yan shekaru kaɗan bayan an mayar da sule biyar da naira ɗaya ƙwandala a 1991, hauhawar farashi ta sa ko mai ƙosai ba ta karɓarsu. Saboda haka mai shagon ya daina dogara da ramin kuɗi, ya riƙa karɓar takarda a hannu ya danna maɓalli. Ga tarihin faɗuwar naira a jikin waya mai tsawon kamu biyu.

Gyara

Mun zaga wurin samari masu gyaran waya da kwamfuta, kowa ya leƙa ya girgiza kai. Daga ƙarshe aka yi mana kwatancen wani dattijo a Kawo, wanda ya fara sana'ar tun zamanin talabijin mai hoto baƙi da fari. Muka same shi a wata 'yar rumfa, yana gyaran fanka da tocila domin masu kawo talabijin mai doro sun ɗauke ƙafa. Da ya zo gida ya ga akwatin sai ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ina ka samo wannan? Rabona da irinsa tun kafin rikicin Kaduna."

Muka ce, "Baba, zai tashi kuwa?"

Ya ce, "In kwalba ta samu zai tashi. Amma kada ka kuskura ka sa hannu a bayansa in ba na nan."

Gargaɗin nasa yana kan hanya. Kwalbar talabijin mai girman inci 25 tana aiki ne da wutar da ta kai kimanin bolt 25,000, kuma takan riƙe saura ko bayan an zare ta daga soket. Abin da ya fara yi shi ne sauke wannan wuta da sukundireba da ya ɗaura wa waya, muka ji ƙara ɗas. Sannan ya bi fanel ɗin yana cire kondensa ɗaya bayan ɗaya, domin ruwan da ke cikinsu yakan bushe da tsufa da zafi, ya liƙa sababbi da dalma. Ya sauya fiyus, ya sake wayoyin da ɓera ya gwaguya, kafinta kuma ya yanke gindin da gara ta ci ya sa sabon katako.

Da aka kunna sai sauti ya fito, amma hoton ya yi duhu ƙwarai, ga kuma inuwar wasu rubuce-rubuce ta ƙone a jikin gilashin saboda shekarun da ya yi yana nuna abu ɗaya. Kwalbar ta gaji. A nan muka yi wauta muka ce, "Baba, me zai hana a saka masa filasma, tunda ga su nan birjik?"

Ya yi dariya ya ce, "Malam, in ka saka filasma ka makantar da bindigar. Ai ita ido ce."

Bayanin da ya yi mana, wanda daga baya muka tabbatar da shi, shi ne wannan. Talabijin mai doro ba ya nuna hoto gaba ɗaya a lokaci guda. Wani ɗigon haske ne ke gudu daga hagu zuwa dama, layi bayan layi, daga sama har ƙasa, ya zana fuskar gaba ɗaya kimanin sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya, saurin da idon mutum ba ya iya kamawa. A cikin bakin bindigar akwai gilashi mai tara haske da wata 'yar ƙwaya mai jin haske. Idan aka ja kunama sai fuskar ta yi walƙiya, ƙwayar ta jira lokacin da ɗigon zai gilma ta daidai inda aka auna, ta aika wa fanel saƙo. Shi kuma fanel ya san lokacin da ɗigon ya taso, don haka sai ya lissafa inda ya kai. A wasan agwagwa dabarar ta fi sauƙi: fuskar takan yi baƙi ƙirin na ƙiftawar ido, sannan a zana farin murabba'i a gurbin agwagwar, in bindigar ta ga duhu sannan ta ga fari to an samu. Talabijin na bango ba shi da wannan ɗigo mai gudu, kuma yakan ɗan jinkirta hoto kafin ya nuna, shi ya sa tsohuwar bindiga ba ta ganin komai a jikinsa.

To ina za a samu kwalba? Manyan kamfanoni sun daɗe da daina ƙera ta, Sony ma ya rufe layin Trinitron ɗinsa tun 2008. Waɗanda suka rage a gidajenmu kuma 'yan jari-bola na bi suna saye, su fasa wuyan kwalbar don jan ƙarfen da ke naɗe a kai, su watsar da gilashin, wanda yake ɗauke da dalma mai guba. Mako biyar muna nema, Baba yana auna naɗin wayar kowace da mitarsa yana ƙi, kafin aka dace da wata a ɗakin ajiyar wata gwaggonmu, cikin talabijin ɗin da aka kai ta da shi gidan miji.

Ranar da aka ɗora ta hoto ya fito tangaran, sai dai rubutun duk a juye. Dalili kuwa shi ne a irin wannan akwati kwalbar a kwance take tana kallon sama, madubi ne ke ɗauko hoton ya nuna wa mai wasa, don a ga kamar abin harin yana da nisa. Baba ya musanya wayoyi biyu a wuyan kwalbar, rubutu ya miƙe. Ya miƙo mana bindigar ya ce, "Bismilla." Masu iya magana sun yi gaskiya, da tsohuwar zuma ake magani.

Garin Da Ya San Bindiga

Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, akwai abin da ya tsaya mana a rai tun ranar da yaran unguwa suka fara cika mana zaure. Wani abokin aikinmu ya ce mana, "Malam, a wannan zamani da muke ciki, ka rasa abin da za ka farfaɗo da shi sai bindiga?" Maganarsa abin dubawa ce. Kaduna gari ne da aka gina a kan bariki. Don sojoji da layin dogo Lugga ya zaɓi wurin, kafin a dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917. A nan aka kafa Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta NDA da masana'antar ƙera makamai ta DICON, duk a 1964. A nan aka kashe Sardauna a daren 15 ga Janairun 1966. Mun ga rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, waɗanda bayansu kogin Kaduna ya zama tamkar iyaka, Musulmi da yawa suka tattaro arewa da shi, Kirista da yawa suka koma kudu. Mun kuma ga harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022.

Ko a ƙasar da aka ƙera akwatin dominta an yi wannan muhawara. A watan Disamban 1993 Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama kan tashin hankali a wasannin bidiyo, inda Sanata Joe Lieberman ya ɗaga bindigar roba ta wannan wasa na Lethal Enforcers ya nuna wa jama'a. Sakamakon haka ne a 1994 aka kafa hukumar da ke rarraba wasanni gwargwadon shekarun masu yin su.

Mun yi tunani mun yanke shawara biyu. Ta farko, ƙananan yara ba sa taɓa shi, domin hotunan mutane na gaske aka ɗauka aka saka a ciki. Ta biyu, duk babban yaron da zai yi wasa sai ya fara tsayawa an buɗe masa baya, ya ga madubi da kwalba, ya bayyana da bakinsa yadda bindigar ke gani. Akwai kuma wata ƙa'ida a cikin wasan da muke jan hankalinsu gare ta. Ɗan sanda ne kai, kuma a tsakiyar 'yan fashi mutanen da ba su ji ba ba su gani ba sukan ɓullo hannu a sama. In ka harbe su za a rage maka rai, a kuma hana ka ƙarin girma.

Abin da ya fi damun mu ma wani abu ne daban. A gaban irin wannan akwati, kafin 2000, bindiga ɗaya tana hannun ɗan Hausa, ɗayar tana hannun ɗan Bajju ko ɗan Ibo ko Bayarabe, suna kare wa juna baya, ba wanda ya tambayi sunan wani. Yaran da ke zuwa zaurenmu yau kusan duk suna ɗaya suke amsawa, kuma da muka ba su wannan labari sai suka ɗauka tatsuniya ce. Har yanzu muna neman bindiga ta biyu, gurbinta yana nan wayam.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, a Gidan Arewa da ke titin Rabah da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke nan Kaduna akwai dubban fayiloli kan sarakuna da razdanoni da haraji. Da wuya a samu ko shafi ɗaya a kan gidan gem, ko gidan kallon bidiyo, ko mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, alhali a waɗannan wurare ne tsararmu ta tashi. Idan ba mu rubuta ba, babu mai zuwa daga wata ƙasa ya rubuta mana.

Baba ya haura shekara saba'in, idonsa ya fara rauni, kuma yaron da ya rage a rumfarsa ya koma gyaran wayar hannu. Mun fara zuwa wurinsa duk ranar Lahadi da littafi da biro, yana faɗa muna rubutawa: sunayen kayan aiki, da yadda ake gane ciwon talabijin daga ƙararsa, da irin mutanen da suka riƙa kawo masa gyara tun zamanin Udoji. Muna kira ga kowane ɗan ƙungiya ya dubi unguwarsu, ya nemi irin wannan dattijo, ko mai gyaran agogo ne ko mai wankin hoto ko mai buga tafireta a ƙofar kotu, ya zauna da shi tun yana iya magana. Wanda kuma yake da tsohon talabijin mai doro a ɗakin ajiya, don Allah ya dakata kafin ya miƙa wa ɗan jari-bola. Allah ya sa mu dace, amin.